Ƙuri'ar Makhulu da mai gemu

Kakata Nozolile, wadda muke kira Makhulu, tun ranar da aka kawo ta gidan miji a ƙauyenmu na bayan garin Dutywa ba ta ƙara cewa akuya ba. Sunan surukinta Bhokhwe, wato akuya a yarenmu, kuma matar kirki ba ta kama sunan suruki ko da ya daɗe a ƙasa. Sai ta laƙaba wa dabbar "mai gemu". Muna yara mukan tsokane ta mu ce, "Makhulu, wa ya ci miki kabeji?" Ta ce, "Mai gemu ne, shi da uwarku."

Da wankau a gidajen Turawan East London, wani birni a ƙasarmu, ta riƙe 'ya'yanta. Tun zaɓen farko da aka bar baƙar fata suka yi, tsohuwar jam'iyya take bi, kamar kowa a yankinmu. In ka tambaye ta dalili sai ta ce ba a sake uwa don ta tsufa.

Bana ta sake. Famfon da aka kafa a ƙofar gidanta bai taɓa ɗigo ba, ga gwiwa ta ƙi, ga yana ta rufe mata ido, rafi kuma yana can ƙasan kwari. Wani jikan ƙanen surukinta, Mzoxolo Bhokhwe, ya fito takarar kansila ba jam'iyya. Tana tsince wake ta faɗa mini, murya ƙasa-ƙasa, cewa shi za ta ba ƙuri'arta.

Ni kuwa na gama jami'a ina zaune ba aiki. Bhuti Sandla, jagoran tsohuwar jam'iyyar a mazaɓarmu, ya sa ni wakiliyarsu a rumfar zaɓe, ya ce ana neman akawu a ƙaramar hukuma, zai tuna da ni. Wakili ba ya taya kowa zaɓe. Saboda haka da Makhulu ta shigo ajin makarantar da ake zaɓen tana dogara sanda, shugabar rumfar ce ta karɓi takardarta, wata malama da aka turo daga gari, mu wakilai muna tsaye muna shaida.

Malamar ta ce, "Mama, wa kike so?"

"Mai gemu."

Ɗan takararmu, Kansila Velile, gemunsa har ƙirji. Malamar ta yi murmushi ta kai biro wajen sunansa. Bhuti Sandla ya gyaɗa kai ya ce, "Tsofaffinmu ba sa ɓata hanya." Ni kaɗai a ɗakin na san abin da take nufi. Na ji bakina yana cewa, "Makhulu, wane mai gemun?"

Sandla ya juyo. "Ke Lelethu, wa ya sa bakinki?"

Malamar ta ɗaga biron ta ce, "Mama, faɗi sunansa."

"Sunansa? Ke 'yar nan, ba ki da suruki ne?"

"To bari in karanto, in na zo kansa ki ce e."

"A bakinki ma ba zan amsa ba. Ai kamar ni na faɗa."

Layi ya tsaya, ana ta ƙorafi daga waje. Makhulu ta gyara ɗankwali, ta ɗaga haɓa, ta buɗe baki ta yi kukan akuya. Mai ƙarfi, har da karkarwar nan ta ƙarshe. Wani dattijo a bakin taga ya ce, "Wa ya shigo da dabba? Ita ma ta yi rajista?" Aka fashe da dariya. Malamar ta duba takarda, ta dafe baki, ta sa alama a inda ya dace.

Kafin a rufe rumfa duk ƙauyen ya san wanda ta zaɓa. Velile ne ya ci, amma da ƙyar, abin da ba a taɓa gani ba a nan. Tun ranar Sandla bai ɗaga wayata ba. Na ji an yi hirar ɗaukar akawun, ba a kira ni ba. Har yanzu in na ji mota ta tsaya a hanya sai in leƙa, ban ma san me nake jira ba.

Jiya na ce mata, "Makhulu, kin san kin jawo mini?"

Ta ce, "Ni na ce ki tambaya? Ɗauki bokiti, rana na yi."