Fasinjan Mai Sikeli

Ranar tara ga watan Maris na shekarar 1961 aka haifi mutumin da kowa ya sani da Mai Sikeli. Gyaran ma'auni ne sana'arsa tun yana saurayi, a wani ɗan shago da ke bayan kasuwar kayan lambu, inda duwatsun awo suke jere bisa kanta daga ƙarami zuwa babba. Hannunsa ya fi na'urorin da yake gyarawa sanin nauyi. A miƙa masa buhu ya ɗaga, ya faɗi kilo nawa ne, a ɗora a sikeli a tarar ba ƙari ba ragi.

Abu na biyu da aka san shi da shi dogon gudu ne. Da aka haifa masa ɗan fari, matarsa kuwa tana aikin safe a masaƙa, sai ya sayi keken tura jarirai, ya riƙa sa yaron a ciki yana gudu da shi kilomita goma kafin ya buɗe shago. Shekara uku suna haka, zazzaɓin kwana biyu ya ɗauke yaron. Bayan shekara guda aka haifi mace, wadda daga baya aka riƙa kira Auta, ita kuma ta gaji keken.

Abin da Auta take iya tunawa mafi daɗewa shi ne safiyar da ta ƙi shiga keken, tana 'yar shekara huɗu.

"Babu wuri, Baba," in ji ta. "Ana matse ni."

Mama ta yi dariya ta ce, "Ke dai kin cika ci ne, uwar kumatu."

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi wurin zaman, wanda zai ɗauki irinta biyu, ya gyara bargon da ke ciki, ya tura keken ya fita. Daga ranar nan haka ya ci gaba da gudu, keke a gaba, ba kowa a ciki. Mai gyaran takalma na bakin titi yakan ɗaga murya ya ce, "Mai Sikeli, a gaida fasinja!" Shi kuwa ya amsa, "Zai ji," ba tare da ya sassauta taku ba. Tayoyin suka riƙa cinyewa kamar na amalanke. Ya sauya su da na keken hawa, ya ƙara ƙarfe a ƙarƙashi, bayan 'yan shekaru ya sake ƙarawa.

Auta tana da shekara goma sha shida ta fara bin sa. A wurinsa ta koyi kome: ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jiki, ba a gabansa ba, taku ya zama gajere a hawa, numfashi ya fito daga ciki. Da kunne yake gyara ta, domin idonsa kullum yana cikin keken. Wata rana a gindin tudun da ke bayan tankin ruwa ta ce ya ba ta ta tura. Ta dafa, ta tura, ta sa kafaɗa, keken bai yi taku biyar ba ya fara dawowa kanta. Da suka isa shago ta jawo shi bisa babban sikeli na ƙasa. Allura ta tsaya a kan kilo goma sha ɗaya.

"Sikelin nan ya lalace, Baba."

"Lafiyarsa ƙalau. Abin da aka ƙera shi ya auna, shi yake aunawa."

"To a hannunka nawa ne?"

"Hamsin da takwas," in ji shi, yana goge hannu da tsumma. "Bara hamsin da huɗu ne. Ƙashin kakanku ya ɗauko."

Ba ta gaya wa Mama ba. Amma ta fara lura da yadda yake tsayawa a kan tudun, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya bisa keken, leɓɓansa sun yi fari. Kowace shekara tsayuwar tana ƙara tsawo. Ta tabbata idan ba a raba hannunsa da keken nan ba, a kan tudun nan za a ɗauko shi.

Tana da shekara ashirin da biyu ta rubuta sunayensu su biyu a tseren kilomita ashirin da ɗaya da ake yi a garin, ta ajiye masa takardar a shago bisa kanta. Doka ta huɗu ta hana shiga da kowane irin abin turawa.

"Ki je ki yi, zan tsaya a bakin hanya in tafa miki."

"Shekara shida ina gudu a gefenka, Baba, ko ƙeyata ba ka sani ba. Sau ɗaya dai, ka gudu da ni."

Ya daɗe yana juya wani dutsen awo a tafin hannunsa, sa'an nan ya ce to.

Wata uku ta yi tana koya wa malaminta gudu. Da zarar ya tashi sai hannuwansa su miƙe gaba, su damƙi iska.

"Lanƙwasa gwiwar hannu, tsoho! Ka saki yatsun nan, ba wanda zai ƙwace maka su."

"Ji 'yar da na goya tana ce mini tsoho."

A hankali hannuwan suka koyi lilo. Ƙirjin ya lafa, har ya riƙa haye tudun yana zolayarta. Sai dai kowace safiya, kafin ya kulle keken a shago, yakan sunkuya ya yi wata magana ƙasa-ƙasa da ba ta taɓa neman ji ba.

Ranar tseren rana ta fito tas. Suka yi kilomita goma sha biyar kafaɗa da kafaɗa, yana dubanta yana gyara mata haɓa, ita kuwa daɗi kamar ya kashe ta. Da suka shiga dogon titin da ke tsakanin rumbunan ajiye kaya, inda babu 'yan kallo, jama'a suka rarrabu, waɗansu can gaba, waɗansu can baya. A nan ya karkata kai.

"Kina ji?"

Ta ji. Taku ne mai nauyi, kamar tsawon mutum biyu a bayansu, yana faɗuwa ba tsari. Ta waiwaya, titi fayau.

"Yayanki ne ya biyo mu da ƙafa," in ji Baba. Babu tsoro a muryarsa, sai kunya. "Ji yadda yake dukan ƙasa da diddige. Shekara ashirin da shida ina tura shi, ban taɓa sauke shi na koya masa taku ba."

Ya rage gudu. Auta ta dubi titin da ke gabanta, ƙafafunta suna neman tafiya, sa'an nan ita ma ta rage. Takun ya matso, ya shiga tsakaninsu, suka buɗa masa. Haka suka ƙarasa, kusan a ƙarshen kowa, da tazarar mutum guda tsakanin uba da 'ya, har mai riƙe da agogo ya tambaye su ko faɗa suka yi a hanya.

Washegari da hantsi ya kifar da keken a tsakiyar shago ya ɗauko sifana don ya kwance shi. Ya ce wa Auta wanda ya iya kilomita ashirin da ɗaya ya wuce a tura shi, kuma ranar Litinin zai fara gyara masa saukar ƙafa, domin diddigen nan zai lalata masa gwiwa. Ta tafi kawo masa ruwa. Da ta dawo ta same shi zaune a kujerarsa, hannuwansa a sake bisa cinya, Allah ya karɓi abinsa. Ta ɗaga keken da hannu ɗaya don a sami hanyar fitar da shi.

Auta tana gudu har yanzu, kilomita goma kowace safiya. Daga tankin ruwa takun yake biyo ta, kuma da diddige yake sauka, domin Litinin ɗin nan ba ta riski Baba ba.