Kantarion Ai Shayi Ne

A kantin magani na unguwarmu a birnin Niš, wani tsoho ne a gabana, ya ɓalla maɓallan kwat ɗinsa har wuya, gashin bakinsa fari fat. Hannunsa na hagu ba ya fita daga aljihu. Ina jin shanyewar ɓarin jiki ta taɓa kama shi, kuma da alama shi kaɗai yake a gida.

Mai kantin tana miƙa masa maganin hana jini daskarewa. "Kawu Radoje, kana shan wani magani ban da wannan?"

"Ni? Allah ya kiyaye, 'yata! Ko ƙwaya ɗaya."

Amma ga damin wani ganye da muke kira kantarion, da furensa rawaya, yana leƙowa daga jakarsa. Kowace shekara sai na nanata wa ɗalibaina na likitanci cewa ganyen nan yana karya ƙarfin wannan maganin.

Na taɓa kafaɗarsa. "Kawu, wannan fa?"

"Haba, yarinya, magani aka tambaye ni. Wannan ai shayi ne! Safe da yamma nake sha, tun uwata na da rai."

Yana ta dariya. Rabin bakinsa ne kawai ke motsi.