Anten da ke Faɗuwa Bayan La'asar

Ɗiyata ta fari ba ta ce mini Inna. Yaya take ce mini tun da bakinta ya buɗe. Innarta ita ce Hajiya, yayar marigayi maigidana, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ranar da na yaye yarinyar, Hajiya ta zo da sabon zanen goyo, ta ɗaure ta a baya, ta wuce da ita unguwarsu ta bayan kasuwa. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata shi. Na shiga ɗaki na ce kaina ke ciwo.

Hajiya ta riƙe ta da kyau, wannan ko a gaban alƙali zan faɗa. Ta sa ta lakwal, wato makarantar boko, ta tura ta Paraku, yarinya ta dawo da sanin aikin rezo, wato hanyar sadarwar intanet. Ta yi aure, ta samu aiki wurin wani mutum da ke raba wifi unguwa-unguwa a nan Malanbil. Sukan kafa anten a gidan wani, mutanen kewaye su sayi tikiti su kama da wayoyinsu. Gidana a kan tudu yake, shi ya sa aka kafa ɗaya a bayan ɗakina: dogon ƙarfe, da farin akwati a bango, da baƙar igiya da ta shigo ta taga zuwa batiri a kusurwar ɗaki, don ko kuran, wato wutar lantarki, ya tafi kada aiki ya tsaya. Gidan Hajiya ma an kafa.

Ranar da aka gama kafawa ɗiyar ta zauna a bakin tabarmata, ta fito da waya.

"Yaya, zo ki ga gidanki."

Na matsa. Ni sai da na haifi huɗu kafin in shiga ajin yaƙi da jahilci, amma baƙi da lamba ba sa ba ni tsoro. A fuskar wayar akwai zane, awoyi jere a ƙasa, ga wani koren abu yana hawa yana sauka kamar tudun albasa a kasuwa.

Ta ce akwai na'ura a wurin aikinsu da ba ta da wata sana'a sai tambaya. Kowane minti biyar takan tambayi kowace anten: kina nan? Kaya nawa suka bi ta kanki? Ta rubuta amsar tare da lokacin, ta jera, ta ja layi. Inda koren ya yi tsawo, mutane sun yi yawa a kan rezo. Inda ya kwanta, suna barci ko suna masallaci. Inda babu komai sai fari, anten ta faɗi.

"Ashe katin awo ne," na ce. Na san katin da ake ba mu a asibiti, a ɗora jariri a ma'auni, a ɗiga masa ɗigo kowane wata. Nata katin ɗigon farko-farko kaɗai na gani, sauran a hannun Hajiya aka yi su.

Ta yi dariya. "Shi ne, Yaya. Sai dai wanga jariri kowane minti biyar ake auna shi."

"Littafin ba ya cika?"

"Ba ya cika, girmansa guda ne har abada. Na kwana biyu tana riƙe shi dalla-dalla. In ya wuce haka sai ta haɗa shida-shida, ta ɗauki tsaka-tsakinsu, ta zubar da saura. In ya ƙara tsufa ta sake haɗawa, har yini guda ya koma ɗigo guda."

Na gane. Kwandon zogale ne, in ya dahu aka matse, ya koma dunƙule ɗaya a tafin hannu.

"In ta faɗi fa?"

"Wayata ta yi ƙara, in hau moto in zo."

Na riƙe amanar nan kamar yadda nake riƙe komai. Nakan goge akwatin da tsumma, na hana awaki zuwa gindin ƙarfen, na hana kowa taɓa batirin ko da cajin waya ne. In hadari ya haɗo daga wajen Gaya, kafin in kwashe shanya sai na duba taga. Anten ɗina ba ta taɓa faɗuwa ba. Ita kuwa ɗiyar, sai wata ya zagayo kafin in ga fuskarta, ta gaishe ni a tsaye, hular kwano a hannu.

Wata rana tana cikin irin wannan gaisuwa wayar ta yi ƙara. Ta duba ta yi tsaki. "Gidan Inna ne kuma." Ta nuna mini zanen gidan Hajiya kusa da nawa. Nawa cike yake ba giɓi. Na Hajiya kamar bakin tsohuwa, haƙori nan, wawulo can. Ashe Hajiya takan cire igiya ta jona firjin da take sayar da ƙanƙara, ta manta ba ta mayar ba.

"Naki kam, Yaya, abin koyi ne," ta ce tana ɗaura hular. "Ko duba shi ba ni yi."

Yabo ta yi nufi, na sani. Na raka ta ƙofa na ce Allah ya tsare. Maganar ta zauna mini a ƙirji kamar ƙayar kifi.

Bayan kwana kaɗan muka haɗu da Hajiya a gidan suna. Tana ganina ta ɗaga murya yadda matan da ke gindin tukunya za su ji.

"Amaryarmu, kin ɓuya! Ke kam kin huta. Ni wagga ɗiya ta hana ni sakat, kullum tana gidana. Jiya ma malmala biyu ta tashi da su, ta ce miyar kowa ba ta zauna mata sai tawa."

Shekara talatin da aurena, miji ya rasu, har yau amarya nake a bakinta. Na ce, "Allah ya yi mata albarka, Hajiya." Na ci gaba da yanka albasa, kuma na gode wa albasar.

Ranar Juma'ar da ta biyo na sayi kifi ɗanye daga masu kawowa daga Garu, na dafa shinkafa. Na yi sallar la'asar, na shafa addu'a, na tashi daga kan buzu na je kusurwar ɗaki na zare baƙar igiyar. Ba ta yi gardama ba. 'Yar fitilar akwatin ta mutu. Na koma tsakar gida na zauna, kunnena yana kan hanya. Motonta yana da wani tari da yake yi in ya karyo kwanar lungunmu. Ina jin tarin na shiga na mayar da igiyar.

Ta shigo da sauri, ta buɗe akwati, ta gwada batiri, ta hau tsani ta girgiza ƙarfen. Ba ta ga komai ba. Ta sauko tana share gumi.

"Ta dawo da kanta. Abin mamaki."

"Ga abinci nan ya yi saura," na ce, ina kallon bango.

Ta zauna ta ci. Ta cire ƙaya da yatsu biyu kamar yadda ubanta ke yi, abin da ban taɓa sani game da ita ba. Ta ba ni labarin uwar mijinta, da wani tela da ke zaginsu kullum a kan tikiti. Har aka kusa kiran magariba tana nan.

Na ce sau ɗaya ne. Juma'a ta gaba na sake. Abin da nake kwantar wa kaina hankali da shi, ai ita da bakinta ta ce na'urar tana mantuwa. Giɓin minti ashirin, in aka dafa shi aka matse cikin sauran yini, wa zai gan shi?

Akwai maƙwabciyata, katanga ɗaya ta raba mu, ɗanta yana aikin gini a Aljeriya. Ranar Juma'a kaɗai yake hutu, kuma bayan la'asar yake kiranta su ga juna a waya. Ta leƙo ta katanga wata rana ranta a ɓace.

"Maƙwabciya, wagga anten taku aljanu gare ta? Duk sati lau, sai yaro ya buɗe baki zai gaishe ni, hoto ya daskare. In ta dawo kuma ya riga ya hita."

Na ce Allah ya kyauta. Na miƙa mata yankan kifi ta kan katangar. Ban daina ba. Wannan shi ne abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa.

Haka muka yi wajen wata uku. Ɗiyar ta sauya igiya, ta sauya batiri, har akwatin ta ɗauke ta kawo wani. Duk Juma'a ta zo da sabon zato, ta gwada, ta ci abinci.

Sai wata Talata da hantsi na ji tarin moto, alhali ban taɓa komai ba. Ta shigo a hankali, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma ba a ce ta zauna ba.

"Yaya, patoron, mai gidan aikinmu, ya gaji. Ya ce wurin nan ba shi da sa'a, a cire anten a kai gidan tela. Jibi za su zo da tsani."

In aka cire, ko gaisuwar tsaye ta wata-wata ban san me zai riƙe ta ba.

Ta zaro wani ƙaramin littafi daga jaka. Ta ce da yake na'urar tana matse tsohon labari, ita duk ranar da anten ta faɗi takan kwafe lokacin da hannunta kafin ya narke. Ta miƙo mini.

"Ke da kin yi yaƙi da jahilci, karanta muna."

Na karanta a hankali, yatsana a ƙarƙashin lambobin. Juma'a, ƙarfe sha shida da minti ashirin, wato huɗun yamma da ashirin. Juma'a, sha shida da ashirin. Haka har layi biyar. Daga nan duk suka koma sha shida da talatin.

"Nan mi ya faru?" ta tambaya, ta ɗora yatsa inda suka sauya.

"Ina zan sani?"

"Satin da limaminku ya matsar da la'asar da minti goma ne. Na tambayi ladan." Ta gyara zama. "Yaya, shekara uku na yi a Paraku, ba a koya muna anten mai jiran a sallame salla ba. Ga ta da kunne kuma, ta san ƙarar motona."

Na dubi tabarma. Akwai wata kaba da ta zare, na kama ta ina murzawa. Da na buɗe baki, ba haƙuri na bayar ba.

"Ta gidan Hajiya kullum a ƙasa take, ba wanda ya ce a cire."

"Ta gidan Inna na kulle ta cikin akwatin ƙarhe tun azumi. Ba ta sake faɗuwa ba."

"To mi kike yi can kullum?"

Ban san muryata tana iya fita haka ba. Ita ma ta ɗago ta dube ni.

"Kirana take yi. Ta ce, ke, zo ki ci abinci, in tahi. Ke shekara nawa lambata tana wayarki? In na zo bango kike kallo. Na ɗauka nauyi nike miki."

Ina da amsoshi da yawa. Ina so in ce haka aka koya mini, haka uwata ta yi wa yayana, kuma wadda ta goye ki ba ta da kunyar da za ta ji, shi ya sa bakinta yake sake. Sai na ci gaba da murza kabar.

Ta tashi ta fita wurin moto, ta dawo da akwatin ƙarfe da kwaɗo. Ta saka batirin da bakin igiyar a ciki, ta kulle, ta jefa mabuɗin a jaka.

"Zan ce ma patoron igiya ce ke saki, na gyara. Anten tana nan." A bakin ƙofa ta juyo. "Matar nan ta bayan katanga, sau uku tana zuwa wurin aikinmu da kuka."

Juma'a ta zo ta wuce. Na dafa kifi, na ci ni kaɗai, ina jin maƙwabciya tana dariya da ɗanta ta bayan katanga. Har yau ban gaya mata gaskiya ba, sai dai in na dafa abu mai kyau nakan miƙa. Wata Juma'ar ma ta wuce. Anten tana tsaye lafiya, na tabbata zanena ya koma cike, ba mai duba shi.

A ta uku, bayan na sallame la'asar, na ɗauko waya. "Ta Hajiya" aka rubuta a kan lambar, ni na sa a rubuta haka. Na daɗe ina kallo kafin in danna.

"Yaya? Lahiya?"

Ta bayanta na ji muryar Hajiya. "Wa ke nan? Ki ce ana cin abinci!"

Saura kaɗan in kashe.

"Anten lahiya lau take," na ce.

"Na sani, ina ganinta."

"Na dafa kifi."

Ina jin ƙarar cokali a kwano.

"Na riga na ci nan. Amma aje mini."

Ta zo kafin magariba, tufafinta suna ƙamshin turaren ɗakin Hajiya. Loma biyar ta yi, ta ce cikinta ba wuri, amma ta zauna har aka kira salla, muka yi tare. Ta zo da kwano a ɗaure cikin tsumma, saƙon Hajiya: a kai wa amarya, kada ta riƙa wahalar da kanta da girki. Na karɓa da hannu biyu, na ce a yi mata godiya.

Da ta tafi na kwance tsumman. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka. Na sa yatsa na ɗanɗana ina neman inda gishiri ya yi yawa ko daddawa ta gaza. Sau uku na ɗanɗana, ban samu ba.