Hannun Bappa a kan birkin babur

Mun tashi da asuba daga Pantami ran Asabar, ni da maƙwabcina, wani Batangale mai aiki a reluwe wanda zan sauke a Billiri wajen iyayensa. Ni kuwa gaba zan yi, can bayan Kaltungo, in ɗauko Bappa, ƙanen mahaifina da ya riƙe ni tun ina maraya. Yanar ido ta rufe masa ido biyu, ga likitan ido zai zo Gombe ran Litinin, kuma an ce ba ya daɗewa. Sau biyu ina aike, sau biyu Bappa yana cewa ba ya zuwa.

Babur ɗin sabo ne, da kuɗin ƙarin albashin nan na saya, irin wanda birkinsa na gaba da mai yake aiki, ba da waya ba. Maƙwabcina ya ƙi hawa sai da ya ga na sa gwangwanin man birki da sifana da guntun tiyo a jaka. Na ce masa sabon abu ba ya lalacewa. Ya ce haka direbobin jirgi suke faɗa kafin a je a jawo su. Shi ne ya taɓa nuna mini yadda ake fitar da iska daga birkin, abin da makanikai ke kira bilidin, har ya ja mini kunne cewa aikin mutum biyu ne.

Hanyar Kumo ta cika da manyan motocin siminti da na auduga, kowa sauri yake kamar kuɗin ƙasar yau za su ƙare. A Kumo muka karya da ƙosai da koko. Ƙosan kwabo biyar da a da yake ƙosar da mutum yanzu bai cika tafin hannu ba. Na yi ƙorafi, mai tuyar ta dubi babur ɗina ta dube ni, ta ce ai mu ma'aikata ne muka jawo. Na biya muka wuce.

Daga Billiri na zama ni kaɗai. Dawa ta nuna a gonaki, duwatsun Kaltungo sun fito tar, mata na saukowa da itace da tulunan ruwa. Da na bar kwalta na shiga hanyar shanu, sai hawa da tsakuwa. Dab da rugar su Bappa tayar gaba ta zame, na zube a gaban yara, suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban ji ciwo ba, na kaɗe riga na tura babur zuwa gindin tsamiya.

A nan gindin tsamiyar na sami Bappa. Wallahi sai da zuciyata ta karye. Mutumin da a da muryarsa kaɗai ke juyo da garke daga bakin rafi, yau yana zaune a buzu, an ajiye masa ƙwaryar fura ƙudaje na bi. An raba wa 'ya'yansa shanu, su ke tatsa, su ke sayarwa, ba mai tambayarsa komai. Ba wulaƙanta shi suke yi ba, tausayinsa suke ji, sai dai tausayin ya yi yawa har sun hana shi ɗaga ko da akushi.

Bayan gaisuwa na kawo maganar asibiti. Ya ce, "Ɗana, in sun buɗe idon, aikin me zan yi da shi? Ni yanzu kaya ne, inda aka ajiye ni nan nake." Na yi lallashi, na yi wa'azi, har na ɗan yi fushi, duk a banza. Na kwana da baƙin ciki.

Da safe na shirya komawa hannu rabbana. Ina kama hannun birki sai ya tafi luƙus har ya taɓa kan babur. Ashe faɗuwar jiya ta kwance notin tiyon birki, mai ya zurare, iska ta shiga, ga gangara tana jirana. Maza sun fita kiwo, mata sun tafi tallar nono. Na ɗaure notin, na cika mai, na sa guntun tiyo a ɗan notin da ke jikin tayar gaba na zura shi a kwalba. Amma ba yadda zan tsuguna a ƙasa da sifana kuma in matsa hannun birki a sama.

Na ce, "Bappa, ku ara mini hannunku."

Ya ce, "Makaho za ka sa aiki?"

Na ce aikin ba ya son ido. Na kamo shi na ɗora yatsunsa a kan ƙarfen. In na ce matsa ya matsa, in na ce riƙe ya riƙe, sai in buɗe ɗan notin, mai ya fito da kumfa, in rufe, sannan in ce saki. Da farko ya saki da wuri, iska ta koma, muka sake daga farko. Can sai hannun ya gane, ya shiga matsawa a hankali kamar mai tatsar saniya. Har ya fara yi mini faɗa: "Kai, ba ka rufe da wuri, ina jin sa yana kuɓucewa." Gwangwanin ya kusa ƙarewa, sai ya ce, "Tsaya. Ya yi tauri." Na duba tiyo, babu kumfa ko ɗaya. Na kama hannun birkin, ga shi gam.

Na yi godiya na fara ɗaure jaka. Bappa bai koma buzunsa ba, yana tsaye, hannunsa a kan babur. Ya tambaye ni ko gangarar da yawa kafin kwalta, na ce da yawa. Sai ya ce, "Wanda ya yi gyara shi ya kamata ya ji ko gyaran ya kama. Ɗauko mini sandata da buta."

Na juya baya don kada yaran su ga hawayena.

Mun sauko a hankali, ya riƙe ni tamau, duk kwana sai ya tambaya, "Yana kamawa?" in ce yana kamawa. A Kaltungo na saya masa rake, a Kumo mai ƙosai ta gan shi ta ƙara mana gyara ba tare da na roƙa ba. Muka shiga Gombe ana kiran la'asar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, duk aiken da na yi ina gaya wa Bappa abin da za a yi masa, ban taɓa gaya masa abin da zai yi mini ba. An yi masa aikin ido ɗaya, har yanzu da bandeji, jibi za a kwance. Kullum da safe kafin in fita aiki sai ya laluba zuwa zaure ya matsa hannun birkin nan. Jiya maƙwabcina ya ce zai duba mini shi, Bappa ya ce a'a, wannan yana da mai shi.