Kayan Kafaɗa

Ran nan da kaka ne. Na dawo daga masallaci na tarar da Iya tana sheƙar dawa a tsakar gida. Mahaifiyata Bagwariya ce, ta musulunta tun ba a haife ni ba. Abu ɗaya ne ba ta bari ba na mutanenta: kaya a kafaɗa take ɗauka. In an tsokane ta sai ta ce kan mutum ba jaki ba ne.

Ƙauyenmu yana bayan Kusasu, a bakin daji. Turawa sun ci Zazzau, an ce an daina kamun bayi. Mu ma muka saki jiki.

Da hantsi muka ji bindiga daga gabas. Sai kugen yaƙi. Sai kururuwar mata daga wajen rijiya.

Mahaya ne, ragowar wata runduna da Turawa suka tarwatsa. Shugabansu wani mai jan rawani. Maroƙinsa yana gaba yana ta zuga shi, wai shi ne magajin sarkin yaƙin nan na zamanin da, wanda ya yi ta cin garuruwa yana kai musu addini har teku ta tsayar da dokinsa. Labarin mun san shi, limaminmu ya sha ba mu. Amma wannan magajin a cikin masallacinmu ya ɗaure dawakinsa. Da muka koma, da idona na ga kashin doki inda na sa goshina da asubar ran nan. Tir!

Na ja Iya da matata muka faɗa daji. Kowa ya suri abin da hannunsa ya kai. Ƙaya ta yayyage mu. Hayaƙin rumbunanmu yana bin mu a baya.

Wajen azahar suka cim mana a bakin rafi. Suka kewaye mu.

"Ku ajiye kaya!"

Muka ajiye. Mai rawanin ya ce shi ba ya bautar da Musulmi, arna yake nema. Hankalina ya ɗan kwanta. Na ce a raina Fatiha za a sa kowa ya karanta, Iya kuwa ta fi ni iya ta. Ashe ba su da lokacin wannan.

"Ku ɗauka!"

Sai a nan na gane. Wanda ya aza a ka, a kora shi gefe. Wanda ya saɓa a kafaɗa, igiya.

"Iya, a ka!"

Ta ji ni. Ta ɗaga ƙullin har saitin kunne. Amma jiki ya riga ya saba. Ƙullin ya sauka inda ya saba sauka.

Ta ɗaga murya tana kalmar shahada. Wanda yake ɗaure ta yana tauna goronmu, ko kallonta bai yi ba. Na yi kansa, aka sa mini gindin bindiga a ƙeya.

Da na farfaɗo la'asar ta wuce. Daga nesa na ji ladaninsu yana kiran salla.

Mun bi sawunsu har ya ɓace a kan fako. Mun kai kuka Birnin Gwari, aka ce za a sanar da Bature.

Mutum ɗaya aka ɗauke a gidanmu. Washegarin komawarmu rana ta fito ta same mu muna barci, ba mu yi asuba ba. Iya ce mai tashinmu.