Wainar Dankalin da Na Ce Na Ƙoshi

Ƙarshen damina ne, masara ta nuna, wake ya fara shigowa kasuwa. Bana ruwa ya yi mana yadda muke so a Kontagora, kowa ka gani da fara'arsa. Sai na ɗaure masara da wake zan kai wa ɗiyata Rabi, wadda ke aure a Minna. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa Baban yara. Akwai na biyu, kuma yau zan faɗe shi.

Bara da na je, mijinta Malam Sani ya shigo da wata wainar dankalin turawa da ake sayarwa a shagon burodi. Yana tsaye a bakin ƙofa Rabi ta miƙo mini. Wa zai ci abu a gaban surukinsa? Na ce na ƙoshi. Sai da ya fita na gutsuri ɗan kaɗan a farantinta, kuma shekara guda ke nan ɗanɗanon bai bar bakina ba. Sau uku ina gwadawa a gida tana wargajewa a cikin mai. Sa'ar da na yi, na karanta sunan shagon a jikin takardar da aka naɗo ta, na rubuta shi a bayan littafina na ajin yaƙi da jahilci.

Talata: Kontagora zuwa Minna

Ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, na fito. A tasha na tarar da Saratu, maƙwabciyata 'yar Rijau, wadda muke benci ɗaya a aji. Ɗanta za ta dubo a Minna, kuma ita kaɗai ta san sirrina. Mota ta cika shida da rabi muka ɗau hanya.

Takwas saura muka wuce Mariga. A shingen sojoji aka leƙa but ɗin mota, wani ya taɓa buhuna ya ce, "Mama, wannan waken na bana ne?" Na ce na bana ne, ɗana. Ya ɗaga mana hannu.

A Tegina, ƙarfe tara da 'yan mintoci, direba ya tsaya a karya. Kowa ya sayi ƙosai, ni ruwa kawai na sha.

"Hajiya, azumi kike?" in ji direba.

Saratu ta riga ni. "Wane azumi? Wuri take gyara wa babban baƙo a cikinta."

Na mintsine ta, ita kuwa har da hawaye don dariya. Sha ɗaya saura muka haye gadar Zungeru, ruwa ya cika kogi fal. Ramukan hanya suka ja mu har sha biyu da rabi kafin mu shiga Minna.

Da yamma na ji ƙarar babur ɗin Malam, na ji motsin leda a hannunsa. Na gyara zama. Ya durƙusa daga bayan labule ya gaishe ni, sannan na ji yana ce wa Rabi, "Ga lemo da ayaba na Inna. Ban sayo abin dankalin nan ba, na lura bara ba ta so."

Na ce, "Allah ya yi albarka." Me zan ce? Jibi da safe zan koma, kwana ɗaya tak ya rage mini.

Laraba: cikin gari

Ƙarfe goma Saratu ta zo, muka ce wa Rabi kasuwa za mu je duba atamfa. A bakin titi na buɗe littafina na karanta wa mai keke sunan shagon, ya ce ya sani. Minti ashirin muka yi, ni kuwa ina karanta kowane allo da muka wuce, har na hango nawa kafin ya tsaya.

Ƙofar gilashi ce, ciki sanyi kamar randa. Ga su nan jere a bayan gilashi, jajaye, faɗin tafin hannu, suna tururi. Mai sayarwa ta ce, "Mama, guda nawa?" Na ce biyu. Saratu ta ce, "Shida. Daga Kontagora ta zo, ba daga bayan gida ba." Ɗari biyar-biyar ne, ban ko nemi ragi ba.

Muka zauna a wani benci a gefen shagon. Na yi bismilla na gatsa. Bayanta rumus, cikinta laushi kamar gwaiduwar ƙwai, ga albasa, ga wani ɗan ƙamshi da har yau ban gane ko mene ne ba. Ban san na lumshe ido ba sai da Saratu ta ce, "Sannu amarya." Na cinye ta farko, na cinye ta biyu, mai yana bin yatsuna.

Ina tsakiyar ta uku ta dafa gwiwata. "Kada ki juya."

Na juya. Malam Sani ne yake kafe babur, taku goma tsakaninmu. Bakina cike, takarda a cinyata, ga sunan shagon ɓaro-ɓaro. Na kasa taunawa, na kasa haɗiyewa. Shi kuwa ya sunkuya yana duba tayar gaba, ya daddanna ta, ya girgiza kai kamar ta yi faci, ya hau ya juya ya tafi.

"Tayar nan lafiyarta lau," in ji Saratu. "Ci abinki."

Na ci, amma da na koma gida ban fito tsakar gida ba. Da magariba na ji Rabi tana cewa, "Ina burodin da na ce?"

"Na tarar da manyan baƙi a wurin," ya ce. "Ban shiga ba."

Alhamis: komawa gida

Bakwai da rabi Malam ya raka mu tasha, kansa a ƙasa, nawa ma haka. Takwas muka tashi. Ina ta tunanin da wace fuska zan sake zuwa gidan nan.

Muna haye gadar Zungeru, goma saura kwata, direba ya dube ni ta madubi. "Hajiya, kwalin da ke ƙarƙashin kujerarki naki ne. Wanda ya kawo ku ya ce kada in faɗa sai mun wuce ruwa."

Na jawo shi, da sauran ɗuminsa. Guda ashirin, an jera su da takarda a tsakani. Saratu ta ce, "Wannan surukin, in kin gaji da shi ki ba ni." Na bi fasinjoji da ɗaya-ɗaya, direba na ba shi biyu, ya ce ai da ya san abin da ke ciki da tun a Minna ya tona. Daga nan har Mariga hira muke da dariya kamar 'yan gida ɗaya.

Biyu da minti goma muka sauka Kontagora lafiya. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Saratu da bakinta, da direbobin nan biyu.

Washegari da safe na ɗumama sauran a kasko, muka ci da Baban yara. Sannan na wanke hannu na kira Rabi, na ce ta ba mijinta wayar. Shekara huɗu da aurensu, ban taɓa neman magana da shi ba. Ya gaishe ni, na amsa. Na ce, "Malam, wainar nan ina son ta."

Ya ce, "To, Inna. Akwai mai yaji, akwai marar yaji."

"Mai yajin," na ce.