Abin da Na Ƙara a Wa'azin Baƙo

A lokacin ni ne tafinta a majami'armu da ke Kontagora. Duk baƙon da ya zo wa'azi da Turanci, ni nake tsayawa gefensa ina juya wa jama'a da Hausa, kuma an fara raɗe-raɗin za a sa ni cikin dattawan ikkilisiya. Abu ɗaya ne ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato kawuna, yayan mahaifiyata. 'Yan bindiga sun tashe su daga ƙauyensu ta wajen Kumbashi, ya baro gonarsa ya zo ya zauna a gidana. Mutumin da na sani da ƙwazon noma sai ya koma shan burkutu. Nakan ji kunya in 'yan'uwa masu bi suka gan shi yana tangaɗi a ƙofar gidana.

Wata Lahadi aka kawo mai wa'azi daga kudu, wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan. Ya ɗauko misalin itacen ɓauren da ya ƙi ba da 'ya'ya har mai gona ya ce a sare shi. Ina cikin fassara na hango Kawu a bencin baya, matata ta lallaɓo shi ya zo. Ban san lokacin da bakina ya fara ƙari ba. Na ce akwai wani a nan da ke cin abincin gidan da bai nome ba, ya mai da kwalba abokiyarsa, kuma gatari na jiransa bana. Da baƙon ya zo wurin da mai kula da gonar ya roƙa a ƙara wa itacen lokaci ya yi masa kaftu ya zuba taki, sai na dunƙule shi cikin kalmomi kaɗan na wuce. Mutane suka riƙa waiwaye. Kawu ya sunkuyar da kai.

Na ɗauka zai ji tsoro ya bar giya. Ya bari kuwa, amma ya bar abinci tare da ita. Ya gaya wa matata cewa bawan Allah da bai taɓa ganinsa ba ya faɗi sirrinsa, don haka hukunci ya riga ya fito daga sama. Ina ji ina gani yana ramewa, na kasa buɗe baki, domin in na faɗi gaskiya dattijantakar da nake hari ta tafi. Wata safiya muka tarar da ɗakinsa a buɗe, babu shi babu fartanyarsa. Maƙwabcinmu mai shago ya ce Kawu ya yi masa sallama, ya ce in sarewa ce gara a sare shi a gonarsa.

Kowa ya san halin da hanyar ƙauyen nan nasu take ciki. Na hau babur, ina tsayawa duk inda na ga mutane ina tambaya. Wasu suka ce in koma, an ji harbi a gaba. A wani ƙauye da motoci ke juyowa na same shi zaune gindin mangwaro, yana jiran ɗan acaɓar da zai yarda ya shiga daji da shi. Na durƙusa na gaya masa cewa maganar abinci da kwalba da gatarin bana duk daga bakina suka fito, baƙon bai san da shi ba.

Sai Kawu ya ce, "To shi me ya faɗa?"

Na ba shi misalin tun daga farko har wurin roƙon da na taƙaita.

Ya ce, "Ashe an roƙa mini lokaci, ɗana, kai ka ɓoye."

Ya yarda ya hau bayana muka dawo, amma bai sake kwana a gidana ba. Yana wurin ƙanwata, an ba shi aron 'yar gona a bayan gari. Wani lokaci yakan sha, wani lokaci ya daɗe bai taɓa ba. Yana amsa gaisuwata, sai dai tsohuwar hirarmu ba ta dawo ba. Na je na faɗa wa fasto komai, na tsaya gaban ikkilisiya na nemi gafara, na ajiye aikin tafinta.

Na yi shekaru ina auna amfanin wasu, ban taɓa tambayar kaina ina haƙuri da tausayin da ake nema a wurina ba. Hukunci na Ubangiji ne, shi ya san lokacin da ya ɗibar wa kowa. Ina roƙon duk wanda aka ba amanar isar da Maganar Allah, ko a kan bagade ko a cikin gidansa, kada ya cusa haushinsa a ciki. Wanda ke sauraronka zai ɗauka Allah ne ya faɗa, kuma ba kowa ne za ka cim masa a hanya ka gyara ba.